Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk ƙarshen shekarar karatu akan yi wani biki a makarantun da ke koyar da ilimin kwamfuta, wanda ƴan boko ke kira anformatik. Ranar kare kundi ke nan. Ɗalibi ya sha babbar riga ko kwat, iyaye sun cika bayan ɗaki, alƙalai uku sun zauna gaban tebur da gorunan ruwa. Sai ɗalibin ya buɗe ƴar kwamfutarsa ya nuna lojisiyel ɗin da ya rubuta: na lissafin makin ƴan makaranta ne, ko na ajiyar magani a ɗakin shan magani, ko na rajistar masu neman aiki. Ya shigar da suna biyar, ya danna, sunayen su fito a jere. Ya goge ɗaya, ya ɓace. Ya nemi wani, ya bayyana. A tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan launi, a gyara masa kuskuren Faransanci biyu a shafi na goma sha huɗu, a ba shi 17 bisa 20 tare da yabo, guɗa ta tashi. Da wuya a samu alƙali guda da zai gyara zama ya ce: “To, in sunayen nan suka kai dubu 50 fa? In mutum dubu biyu suka danna cikin minti ɗaya, rabinsu daga ƙauye inda rezo ke zuwa yana komawa, daƙiƙa nawa kowannensu zai jira?”

Wannan tambayar da ba a yi ita ce rabin sana'ar. Makarantar da ta sallami ɗalibi bai taɓa jin ta ba, ta ba shi cikakkiyar takarda a kan rabin ilimi, kuma ba shi ne zai biya kuɗin ragowar rabin ba. Masu biya su ne uwar da ke neman sakamakon jarrabawar ɗanta a ranar da ƙasa duka ke nema, da ma'aikacin da ke jiran albashi ƙarshen wata, da mai jinyar da aka ce ya dakata “na'ura tana nauyi”.

Abin da ake magana a kansa ba wani sirri ba ne. Gwajin lojisiyel iri biyu ne manya. Na farko yana tambaya ko amsar da ya bayar daidai ce: an tara biyu da biyu, huɗu ta fito? Na biyu, wanda za a iya kira gwajin sauri da juriya, yana tambaya cikin wane lokaci amsar ta fito, mutum nawa za su iya samun ta a tare, kuma me zai faru in suka wuce wannan adadi. Don a gano haka akan ƙirƙiro masu amfani na ƙarya, ɗaruruwa ko dubbai, a sake su a kan lojisiyel ɗin kamar yadda jama'a za su auka masa, ana duban agogo, ana duban ƙwaƙwalwar uwar na'ura, wato babbar kwamfutar da ke amsa wa kowa. Wani sa'in a ɗora masa nauyin da ake tsammani kurum. Wani sa'in a yi ta ƙarawa har ya durƙusa, don a san inda iyakarsa take da irin faɗuwar da yake yi. Wani sa'in a bar shi yana aiki kwana da kwanaki, domin akwai cutar da ba ta bayyana sai tafiya ta yi nisa. Duk wanda ya taɓa sayen jaki a kasuwar dabbobi ya san hikimar: ba a tsayawa ga ƙirga ƙafafu, sai an aza masa kaya an ga tafiyarsa.

Wanda yake ganin wannan ƙorafin ƙasashen da ba su da hali ne kawai, ya dubi abin da ya samu Amurka. Ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Barack Obama ta buɗe shafin HealthCare.gov, inda mutanen jihohi 36 za su sayi inshorar lafiya bisa dokar da aka sa wa hannu a 2010. Wannan doka ita ce babban abin alfaharin mulkinsa. Shafin ya ƙi motsi tun da safe. Takardun cikin gida da majalisar dokoki ta fitar daga baya sun nuna cewa a ranar farko mutum shida ne kacal suka iya kammala rajista, a ƙasar da ta ƙirƙiro intanet. Babban jami'in fasaha na gwamnati, Todd Park, ya ce an yi tanadin mutum dubu 50 zuwa dubu 60 a lokaci guda, sai aka samu wajen dubu 250. Amma wannan hanzari bai wanke kowa ba, domin ƴan kwanaki kafin buɗewa an gwada shafin da masu amfani na ƙarya ƴan ɗaruruwa kawai, ya faɗi, aka kuma buɗe shi a haka. Kamfanonin da suka yi aikin sun shaida wa majalisa cewa gwajin tsarin gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, bai samu fiye da mako biyu ba, alhali watanni yake buƙata. Ya zuwa Maris 2014 kuɗin da aka ɗaure wa aikin ya kai dala miliyan 840, a Afrilu kuma ministar lafiya Kathleen Sebelius ta sauka.

Abin lura a nan shi ne inda matsalar ta fi tsanani. An tsara shafin ta yadda babu mai ganin farashin inshora sai ya buɗe asusu tukuna. Saboda haka mai saye da gaske da mai leƙe kurum duk suka taru a ƙofa ɗaya ƙarama, kamar a ce kasuwar Maraɗi babu mai shiga sai ya rubuta sunansa wurin magatakarda guda. Kowane ɓangare na lojisiyel ɗin, in an ɗauke shi shi kaɗai gaban alƙalai uku, da wataƙila ya samu 17 bisa 20. Injiniyoyin ba jahilai ba ne. Sun fito daga jami'o'in da ɗaliban ƙasar nan ke mafarkin zuwa. Sai dai an tashe su, su da shugabanninsu, a kan al'adar da ke ɗaukar gwajin nauyi tamkar share gida bayan an gama gini: in lokaci ya rage a yi, in bai rage ba a bari.

Shekara ashirin da ɗaya kafin wannan, birnin Landan ya sha irin nasa, kuma nasa ya fi muni don ya shafi rai. Ranar 26 ga Oktoba 1992 hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta birnin ta koma kacokan ga sabon tsarin kwamfuta mai karɓar kira yana tura mota. Kira ya yi yawa, saƙonnin kuskure suka cika allo, waɗanda suka gaji da jira suka sake bugowa, kowane sabon bugu ya ƙara wa tsarin nauyi, marasa lafiya suka yi sa'o'i suna jiran mota. Shugaban hukumar, John Wilby, ya yi murabus cikin kwana biyu. Aka koma rabi hannu rabi na'ura, sai ranar 4 ga Nuwamba tsarin ya tsaya cik. Kwamitin binciken da ya ba da rahoto a Fabrairu 1993 ya gano dalili: wani ɗan guntun rubutu da aka manta a cikin lojisiyel ɗin yana cin ƙwaƙwalwar uwar na'ura kaɗan kaɗan duk lokacin da aka tura mota, ba ya mayarwa, har bayan mako uku ta cika. Tulu ne mai tsatsa. Wanda ya cika shi ya duba nan take zai rantse lafiya lau yake. Irin wannan cuta babu malamin da zai gan ta a takardar jarrabawa, babu kuma alƙalin da zai gan ta cikin minti ashirin na kare kundi. Gwajin dogon zango kaɗai ke tona ta, kuma rahoton ya faɗi ƙarara cewa ba a gwada tsarin ƙarƙashin cikakken nauyi ba.

Malaman makaranta ma suna da nasu misalin, daga ƙasar da aka aro tsarin karatunta. Ranar 16 ga Maris 2020, da aka rufe makarantun Faransa saboda annobar korona, shafukan intanet da ɗalibai za su ɗauki darasi a kansu suka cushe tun da hantsi. A ce wannan ba-zata ce. To, ranar 6 ga Afrilu 2021, bayan shekara guda cur ta shiri, aka sake mayar da yara karatu daga gida, shafukan yankuna da dama suka sake durƙushewa, minista Jean-Michel Blanquer ya shiga maganar hari daga ƙetare. Ko da hari ko babu, adadin ɗaliban Faransa ba ɓoyayye ba ne, sa'ar da ake fara darasi ma sananniya ce. Lissafin da ɗan aji uku na kwaleji zai yi ne.

Daga ina wannan sakaci ya samo asali? Daga aji. Darasin farko da ake koya wa mai koyon rubuta lojisiyel shi ne jera sunaye ko lambobi daga ƙarami zuwa babba, kuma akan ba shi lambobi goma ko talatin ya gwada. Akwai hanya mai sauƙi wadda yawan matakanta ke tafiya da adadin sunayen sau kansa, akwai kuma hanya mai dabara wadda ke raba jerin biyu biyu. A kan suna 30, ta farko tana ɗaukar mataki wajen 900, ta biyu wajen 150; ga kwamfuta duka biyun ƙiftawar ido ne, ɗalibi bai ga wani bambanci ba, ya ɗauka surutun malami ne. A kan suna dubu 100 kuwa, ta farko mataki miliyar 10 take buƙata, ta biyu ƙasa da miliyan biyu. A na'urar da ke yin mataki miliyan 100 cikin daƙiƙa, wannan na nufin daƙiƙa ɗari a gefe guda, a ɗaya gefen kuma abin da bai kai a lura da shi ba. Ana koyar da wannan, gaskiya ne, amma a allo ake koyar da shi, da haruffan lissafi, a hardace shi don jarrabawa a manta. Ɗalibin da aka ba suna dubu 100 da agogo a hannu, ya zauna yana kallon na'urarsa tana nishi minti biyu yayin da ta maƙwabcinsa ta gama tun tuni, shi kam ba zai manta ba har ya tsufa. Gani ya kori ji. Kuma sunayen ƙarya dubu 100 ba sa cin ko dala. Layi biyar na rubutu ke haifar da su.

Akwai wani ilimi kuma da ya fi wannan shiga rai, wanda kowace mace mai ɗebo ruwa a famfo ta san shi a aikace: ilimin layi. Wani injiniya ɗan ƙasar Danmak, Agner Erlang, shi ya fara sa shi cikin lissafi a 1909 yana aiki da kamfanin wayar Kwapanhagin, a 1961 kuma Ba'amurke John Little ya tabbatar da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: yawan waɗanda ke cikin layi daidai yake da yawan masu zuwa cikin sa'a sau tsawon zaman kowannensu. In mata 20 ke zuwa famfo cikin sa'a, kowace kuma tana shafe rabin sa'a daga zuwa har tafiya, to a kowane lokaci za a tarar da mata goma a wurin. In buƙata 200 ke isa ga uwar na'ura cikin daƙiƙa, kowace tana ɗaukar daƙiƙa uku, to buƙata 600 take riƙe da su a tare, kuma dole a tambaya ko tana da wurin ajiye su. Abin da ya fi ba da tsoro shi ne yadda jira ke ƙaruwa. A mafi sauƙin misalin wannan lissafi, in famfo yana aiki rabin lokacinsa, zaman mai zuwa ya ninka lokacin cika bokiti sau biyu. In yana aiki kashi 90 cikin ɗari, sau goma. In kashi 99, sau ɗari. Wato layi ba ya tsawo a hankali yana gargaɗi: yana lafiya, yana lafiya, sai ya tashi tsaye kamar bango. Shi ya sa shugaban da aka ce wa “na'urarmu tana aiki kashi 85 cikin ɗari, da sauran wuri” ya kamata ya kasa barci, in da an taɓa koya masa.

A nan ne kuma ya kamata malamai su yi hattara da wani tsohon abokinsu, wato matsakaici. Kowane malami ya san ajin da matsakaicin makinsa 11 ne, alhali yara biyar ne suka ɗauke shi a ka, saura suna nutsewa. Haka abin yake a na'ura. In mutum 99 suka samu amsa cikin daƙiƙa ɗaya, na ɗari ya jira daƙiƙa ɗari, matsakaicin bai kai daƙiƙa biyu ba, rahoto ya yi kyau, a sa hannu. Amma in masu amfani miliyan ɗaya ne, mutum dubu goma ke nan aka bari a rana. Ƙwararrun sana'ar ba sa tsayawa ga matsakaici. Sukan tambayi abin da kashi biyar ko kashi ɗaya na ƙarshe suka sha. Kuma ba sai an yi duba ba kafin a san ko su wane ne waɗannan na ƙarshe a ƙasa irin wannan: mai tsohuwar waya ne, mai nisa da birni, mai sayen intanet na dala ashirin.

Masu kare halin da ake ciki suna da hanzari, kuma ya dace a saurare su ɗaya ɗaya, domin ba duka ne shirme ba. Na farkonsu mai ilimi ne. Zai ce babban malamin nan Donald Knuth ya yi gargaɗi tun 1974 cewa gaggawar ƙara wa lojisiyel sauri kafin lokacinsa ita ce tushen ɓarna, don haka a bar yara su koyi rubuta daidai tukuna. Wannan magana ta zama laya a wuyan duk wanda ba ya son aunawa. Sai dai masu rataya ta ba su karanta shafin har ƙarshe ba. A wuri guda Knuth ya ce ƙananan gyare-gyaren ne za a manta da su a wajen kashi 97 cikin ɗari na lokaci, kada kuma a yi sake da kashi ukun da suka rage. Ya ƙara da cewa hasashen masu rubuta lojisiyel game da inda nauyi yake yakan zama kuskure, sai an sa kayan awo. Wato hujjar da ake kafawa don gudun awo, asalinta kira ce zuwa ga awo. Wanda bai auna ba, ta yaya zai san kashi ukun?

Na biyu zai ce babu lokaci, tsarin karatu ya cika ya batse. Nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma laifin ba na makarantun Afirka kaɗai ba ne. Jagoran tsarin karatun da manyan ƙungiyoyin sana'ar biyu, ACM da IEEE, suka fitar a 2013, wanda jami'o'in duniya da yawa suka yi koyi da shi, ya ware sa'o'i 165 na abin da ya wajaba kowane ɗalibi ya sani. Darasin da aka keɓe wa auna aikin na'ura a cikinsu sa'a uku ne. Amma kuskuren yana cikin ɗaukar abin a matsayin darasi na dabam da za a nema wa gurbi a jadawali, a shekara ta biyar, ga wanda ya zaɓa. Malamin harshe ba ya ware wata guda don koyar da aya da waƙafi sannan ya ƙyale su sauran shekara. A kowane rubutu yake duba su. Haka awo ya kamata ya zama. Duk aikin da ɗalibi ya miƙa, tun daga watan farko, ya zo da layi uku a ƙarshe: na gwada shi da bayanai kaza, a na'ura kaza, ya ɗauki lokaci kaza. Maki huɗu cikin ashirin su rataya a kan waɗannan layuka. Ba a ƙara ko sa'a ɗaya a jadawali ba, amma ɗalibi, wanda ya fi kowa sanin inda maki yake, zai sayi agogo da kansa.

Na uku shi ne hanzarin da aka fi ji a nan: babu kayan aiki, babu kuɗi. A da can wannan magana tana da ƙarfi, lokacin da kayan gwaji irin LoadRunner ke hannun manyan kamfanoni da tsada mai yawa. Yau ta mutu. Apache JMeter kyauta ne tun ƙarshen shekarun 1990. Gatling, wanda Faransawa suka ƙera, da Locust da k6 duk ana samun su ba da ko tamma ba. Tsohuwar kwamfuta ɗaya ta zama uwar na'ura, wata ta zama taron jama'a, waya guda ta haɗa su, ko intanet ba a buƙata. Hasali ma tsufan na'urar alheri ne: wadda ba ta da ƙarfi takan durƙusa da wuri, ɗalibi ya ga faɗuwar da idonsa cikin sa'ar darasi. Ɗakin kwamfutar da ake kuka da shi, mai injuna goma sha biyu da kuran mai ɗaukewa, ya fi ɗakin jami'ar Turai dacewa da wannan darasi, in da za a daina jin kunyarsa.

Na huɗu kuwa zai ɗaga kafaɗa ya ce ai za su koya a wurin aiki. Wurin wa? A ƙasashen da ke da kamfanoni masu injiniya dubu, sabon ɗauka yakan tarar da dattijon da zai ja masa kunne. A nan sau da yawa yaron da ya kare kundi a Yuli shi ne a Oktoba zai zama injiniya guda tilo na wata ma'aikata, ko asusun ajiya da bashi, ko makarantar kuɗi, babu na gaba da shi. Abin da bai koya a aji ba, a kan jama'a zai koye shi.

Ga kuma abin da ya sa wannan batu ya fi zama wajibi a Sahel bisa ga ƙasashen da aka ambata. Shafi mai nauyin megabayit uku, a kan layin da ke ɗaukar megabit ɗari cikin daƙiƙa, yana buɗewa cikin rubu'in daƙiƙa. A kan rezo mai rauni da ke ba da kilobit ɗari, shafin nan dai minti huɗu yake ɗauka, in layin bai yanke a tsakani ba. Inda sai ta tauraron ɗan Adam mai tsayuwa wuri guda ake samun layi, wanda ke nisan kilomita 35.786 daga ƙasa, kowace tambaya da amsarta sai sun ci wajen rabin daƙiƙa a hanya kawai; lojisiyel ɗin da ke yin tambaya arba'in a jere kafin ya nuna shafi ya cinye daƙiƙa ashirin bai yi komai ba. Ƙasa ce marar teku, layinta yana ratsa maƙwabta kafin ya kai ga wayoyin ƙarƙashin ruwa, kuma ranar 14 ga Maris 2024, da huɗu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama sun ɗanɗana abin da ake nufi da ƙuncin layi. Kamfanin Facebook, da ya so shiga kasuwannin Indiya da Afirka, a 2015 ya ɓullo da wata al'ada: ranar Talata ma'aikatansa na iya rage saurin intanet ɗinsu zuwa na 2G tsawon sa'a guda, don su ji abin da talaka ke ji. Su sai da suka ƙirƙiro wahalar da gangan. Ɗalibin Tawa ko Damagaram a cikinta aka haife shi, ya san ta fiye da kowane injiniyan Kalifoniya. Amma sai a koya masa ya gwada aikinsa a kan na'urarsa shi kaɗai, inda babu nisa babu layi, ya manta da abin da ya sani tun yana yaro. An karɓe masa gadonsa an ba shi na wani.

Zamani ma ya ƙara tsananta lamarin. Tun ƙarshen 2022, da ChatGPT da ire-irensa suka bazu, ɗan ƙaramin lojisiyel mai ba da amsa daidai a kan suna biyar ya zama abin da na'ura ke rubutawa cikin daƙiƙa kaɗan, ɗalibai kuma sun riga malamansu sani. Makarantar da har yanzu wannan kaɗai take aunawa, ba ta san ko wa take ba maki ba. Abin da ba a iya kwafowa shi ne awon da aka yi a kan wannan na'ura, da wannan layi, da wannan adadi na jama'a, da bayanin dalilin da ya sa lokaci ya tashi daga daƙiƙa ɗaya zuwa tara da masu amfani suka kai ɗari uku. Wanda ya iya amsa wannan a gaban alƙalai, shi ya yi aikin.

Sai dai wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma dole a koyar da ladabinta tare da ita. Sakin masu amfani na ƙarya dubu goma a kan shafin wani ba da izininsa ba, ba gwaji ba ne, hari ne, kuma tun 2019 Nijar tana da dokar laifukan intanet. A na'urar makaranta ake koyo, ko a kan tsarin wanda ya ba da izini a rubuce.

Malaman harshe da ƙungiyoyin al'adu kada su ɗauka wannan rigimar ƴan lissafi ce da ba ta shafe su ba. Kafin a auna, sai an san abin da ake nema, kuma wannan a bakin jama'a yake. Sakatariyar makaranta ce ta san cewa makin dukan azuzuwa cikin kwana uku na ƙarshen zango ake shigar da shi, ba a warwatse cikin shekara ba. Mai shagon tura kuɗi ne ya san abin da ke faruwa jajibirin Sallah da ranar kasuwa. Waɗannan mutane da Hausa za su faɗi abin da suka sani, ko da Zabarmanci, ko da Tamashek, kuma ba za su ce “buƙata ɗari biyu cikin daƙiƙa” ba. Za su ce “ranar nan har bakin titi layi yake kaiwa”. Injiniyan da bai iya zama ya saurari wannan ya mayar da shi lamba ba, zai ƙirƙiro taron ƙarya da bai yi kama da na gaskiya ba, ya auna shi da kyau, ya samu sakamako marar amfani. Harshen ma bai gaza ba: nauyi, cunkoso, juriya, maƙura, rububi, tsatsa, duk kalmomi ne da ke jiran a sa su aiki a ɗakin kwamfuta, kuma darasin layin famfo ya fi saurin shiga kai da harshen da ake yin layin da shi.

Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010, da makarantun kuɗi masu ba da BTS da lisansi, kowace tana da ikon gyara takardar da alƙalanta ke cikawa ranar kare kundi ba tare da jiran wata doka daga minista ba. Layi ɗaya za a ƙara a cikinta: adadin masu amfani da aka gwada aikin da su, da adadin da ya faɗi a kansa. Ɗalibin da ya rubuta cewa nasa ya durƙusa a kan mutum 340, ya kuma nuna ƙofar da suka cushe a cikinta, a ba shi makin layin cikakke. Wanda ya ce nasa bai taɓa faɗuwa ba, a mayar da shi ɗakin kwamfuta ya ƙara nauyi, ya dawo zama na biyu da lambar a hannu.